Kaya Sun Tare, Kwatance Yana Tsohon Gida

A Ajekoriya, kamar sauran garuruwan ƙasar Dakoro, ba a cika tashi daga gida da damina ba. Sai an kai gero rumbu, ƙasa ta bushe, sannan mai niyyar tashi ya sa a buga masa tubali, a kafa danga, a ta da zaure. Ranar tarewa amalanke ya yi ta zirga-zirga da gadaje, da tukwane, da turmi da taɓare, da randa, da akwatunan tufafi. Kafin magariba an kwashe komai, ko allura ba a bari ba. Duk da haka sai a yi wata guda baƙi suna zuwa tsohon gidan suna rafka sallama ba mai amsawa. Kaya sun isa lafiya, mutanen gida kowa lafiyarsa lau. Abin da aka bari a baya shi ne kwatance, wato abin da ke bakin mutane da cikin kawunansu game da inda ake samun maigidan.

Haka yake faruwa da kwamfuta idan aka kwafe babbar manhajarta, Windows ce ko Linux, daga tsohon diski zuwa sabo, ko daga wani sashe na diskin zuwa wani, aka kunna ta ta ƙi tashi. Kuma abin sai ƙaruwa yake yi a wajenmu. Galibin kwamfutocin da ke hannun malaman makaranta, da masu shagon buga takardu, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma, ƴan Kwatano ne. Sun yi shekaru a hannun wasu kafin su iso kasuwar Maradi ko titin Beirut na Kano. Diskin da ke cikinsu mai juyawa ne, ya tsufa, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga ɗaukewar wuta ba sanarwa. Da ya fara ƙara yana nawa, shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a sa SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Girka manhaja daga farko kuwa yana bukatar sauke gigabayit da dama daga intanet, abin da a ƙauye kan ci kwanaki da kuɗin kati, ga kuma manhajojin aiki waɗanda wanda ya girka su ya daɗe da barin gari. Kwafewa ta fi araha. Sannan tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, ita kuma Windows 11 ta gindaya sharaɗin TPM 2.0 da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Wannan ya sa wasu suka fara matsar da Windows gefe guda suna yanka wa Ubuntu ko Linux Mint sashe.

Hirar da ke biyo baya ita ce ke damuna. Mai kwamfuta ya rungumo ta ya hau mota zuwa Dakoro, ko ya zarce Maradi, ya ajiye ta gaban mai gyara ya ce, "Ɗana, duba mini, tun jiya baƙin allo kawai take nunawa." Yaron ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa, ya ce, "Baba, wannan sai fomatin." Da wannan magana guda jerin sunayen ɗalibai na shekaru, da lissafin buhunan ƙungiya, da hotunan suna da na biki suke salwanta, alhali ko fayil ɗaya bai lalace ba. An rushe sabon gida da kayan da ke cikinsa saboda baƙo ya kasa gane ƙofa. Ba na zargin yaron da mugunta, abin da aka koya masa ke nan. Amma rubutun da ke kan baƙin allon nan yana faɗin daidai wurin da sallama ta tsaya, kuma wanda ya iya karanta shi yakan gama gyaran kafin a kira la'asar.

Idan ka danna maɓallin kunnawa, babbar manhaja ba ta san an yi ba, tana kwance a diski tana barci a ƙuryar gida. Mai fara farkawa wata ƴar ƙaramar manhaja ce da ke zaune a babban allon cikin na'urar, BIOS a tsofaffin kwamfutoci, UEFI a na baya-bayan nan. Wannan shi ne baƙon. Bai san cikin gida ba, kuma ba huruminsa ba ne ya shiga. Iyakar saninsa ita ce ƙofar da zai tsaya.

Baƙo irin na dā, wato BIOS, dabi'arsa ɗaya ce tun 1983, lokacin da tsarin MBR ya zo tare da PC DOS 2.0. Yana zuwa diskin da ke kan gaba a jerinsa ya karanta bayit 512 na farkon farko. A cikinsu 446 umarni ne na tayarwa, 64 taswirar sassan diskin ce mai gurbi huɗu, biyun ƙarshe kuma hatimi ne da ke shaida cewa nan ƙofa ce. Abin lura shi ne waɗannan bayit 512 ba sa cikin kowane sashe. Dokin ƙofa ne, yana waje. Duk iya kwafar fayiloli da mutum zai yi ba zai taɓa su ba, kamar yadda amalanke ba ya ɗauko dokin ƙofa cikin kaya. Don haka wanda ya yanka sassa a sabon diski ya zuba fayiloli, ya yi gida mai ɗakuna cike da kaya amma babu mashiga. Allon zai ce "No bootable device" ko "Operating system not found", ko kuma ɗan ɗigo ya yi ta ƙiftawa a kusurwa. Duk wanda ya ga wannan ya san baƙo ko zaure bai kai ba.

Baƙon zamani, UEFI, wanda ya zama ruwan dare a kwamfutocin da suka fito daga wajen 2012, zamanin Windows 8, yana neman zaure sosai: ƙaramin sashe na musamman da ake kira ESP, mai tsarin FAT32, yawanci megabayit 100 zuwa 500. Mutane kan manta da shi wajen kwafa saboda ba ya bayyana a cikin jerin diskoki na yau da kullum. Ko an kwafe shi ma akwai sauran magana, domin kwatancen zauren ba a diski yake ba. Yana cikin kan baƙon, a wata ƴar ma'ajiya da ke babban allo, kuma an rubuta shi da lambar tsohon zaure. An gina sabon zaure mai sabuwar lamba, shi kuwa baƙo ya nufi kufai. Sa'ar da ake ci ita ce UEFI na da wurin da yake leƙawa idan kwatance ya ɓace masa, wato fayil mai suna BOOTX64.EFI a cikin jakar EFI/BOOT, shi ya sa wani diskin kan tashi a kwamfutar maƙwabci ya ƙi tashi a ta mai shi, ko akasin haka. Akwai kuma saɓanin al'ada: diskin da aka shirya domin BIOS, aka sa shi a na'urar da aka saita ta kan UEFI zalla, ba za su taɓa fahimtar juna ba sai an shiga saiti an kunna abin da ake rubutawa Legacy ko CSM. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, idan ya mutu yakan mayar da saitin yadda ya fito daga kamfani, kuma a tsofaffin na'urori ya cancanci a fara duba shi kafin a zargi diski.

A ce baƙo ya sami zaure. A zauren akwai yaro da aikinsa shi ne kai sallama ciki. A gidan Linux sunan yaron GRUB, wanda Erich Boleyn ya fara rubutawa a 1995, aikin GNU ya karɓe shi a 1999, kuma zubinsa na biyu da ake amfani da shi yanzu ya fito a 2012. Rabin yaron nan ne kawai ke zaure. Sauran hankalinsa, da takardar da ke ɗauke da jerin manhajojin da zai nuna maka, suna cikin gida a jakar /boot/grub. Idan ya juya zai shiga ya tarar sashen da ya sani babu shi, sai ya tsaya cak ya rubuta "error: no such device" da wata doguwar lamba, a ƙasa kuma "grub rescue". Mutane kan tsorata da wannan allon fiye da kowanne, ni kuwa ina ganinsa albishir ne, domin yana nufin baƙo ya iso, yaro yana raye, har ma ya faɗi sunan sashen da yake nema.

A kan wannan doguwar lamba ya kamata a dakata, don ita ce cibiyar matsalar. A garuruwanmu gidaje ba su da lamba, kwatance iri biyu muke yi. Ko dai a ce gida na uku daga masallaci, ko a ce gidan wane. Na farko yana aiki har ranar da wani ya gina a tsakani, daga nan na uku ya koma na huɗu. Linux ma da irin na farkon ta fara: sda shi ne diski na ɗaya, sdb na biyu, sda3 sashe na uku a diski na ɗaya. Ka ƙara diski, ko ka manta kile, wato filashin USB, a jiki, sai jerin ya iya sauyawa. Don maganin haka aka koma kiran kowane sashe da sunansa na yanka, wato UUID, lamba mai haruffa da alƙaluma 32 da ake raɗa wa sashe a lokacin da aka yi masa fomatin. Sunan ba ya canzawa ko an kai diskin wata na'ura. Amma sabon sashe da aka yanka aka yi wa fomatin sabon suna yake samu, su kuwa fayilolin da aka kwaso suna ɗauke da tsohon suna a rubuce a wurare da dama. Kowane ɗaya daga wuraren nan yana iya tsayar da tashi, kuma kowanne da irin kukansa.

Na farko shi ne takardar GRUB ɗin kanta, grub.cfg. A cikinta aka rubuta inda maigida yake kwana, wato ƙwayar manhajar da ake kira kanal, aka kuma rubuta saƙon da za a ba shi da ya farka: ga sunan sashen da za ka zauna ka tafiyar da gida. Maigida na farkawa ne da ƴar jakar makullai a hannu, initramfs, wadda ke ɗauke da direbobin da zai buɗe diski da su. Idan sunan da aka ba shi na tsohon gida ne, zai jira na ɗan lokaci, sannan a Ubuntu da danginta ka ga "Gave up waiting for root file system device", a ƙasa kalmar initramfs tana jiran umarni. Wani lokaci sunan daidai ne, makullin ne babu. Wasu manhajojin, irin su Fedora, kan haɗa jakar da makullan na'urar da aka girka su a kai kaɗai, to idan aka tashi daga diskin SATA zuwa na NVMe sai maigida ya tsaya gaban ƙofarsa ba abin buɗewa.

Na biyu shi ne fayil /etc/fstab. Wannan shi ne zagayen da maigida ke yi da safe, sashe-sashe, yana gaida kowa: ga sashen fayilolin masu amfani, ga zaure, ga sashen swap da na'ura ke jingina da shi idan ƙwaƙwalwa ta cika. Duk sunan da ya kira ba a amsa ba, zai tsaya minti ɗaya da daƙiƙa 30 yana jira, kuma ana ganin ƙidayar a allo bayan kalmomin "A start job is running". Idan swap ne ya ɓace, yawanci yakan haƙura ya wuce, sai dai kullum tashi ya yi nawa. Idan sashe ne mai muhimmanci, sai ya ƙi ci gaba ya faɗa "emergency mode". Swap ɗin nan ya fi kowa ɓacewa, domin ba a kwafarsa, sabo ake yi, kuma a Debian da Ubuntu akan sami sunansa a wani wuri na uku, fayil ɗin resume da ke cikin /etc/initramfs-tools/conf.d. Na'urori da yawa da aka yi wa SSD amma masu su ke kukan ba su ga saurin da aka yi musu alkawari ba, wannan jiran ne ke cinye musu lokaci.

Akwai ɓarna guda da ba ta kwatance ba ce, ta kwasar kaya ce, kuma ita ce ba ta gyaruwa da sauƙi. A Linux kowane fayil yana da mai shi da iznin wanda zai taɓa shi. Wanda ya kwafi manhaja ta hanyar jan jaka da linzami ya saki a wani wuri, ya jibge kayan uwargida da na amarya da na yara a tsakar gida ba a san na wane da wane ba. Na'urar tana iya tashi har allon shiga, ka sa kalmar sirri ta dawo da kai, ka sake sawa ta sake dawo da kai, umarnin sudo kuma ya ƙi aiki. A nan kada a ɓata lokaci. A sake kwafa daga tsohon diski da cp -a ko rsync -aAXH, waɗanda ke ɗauko kowane fayil da mai shi da izninsa, a bar abin da ke cikin /proc da /sys da /dev da /run, amma a ƙirƙiri jakunkunan fanko.

Duk abin da na faɗa ya shafi wanda ya gina sabbin ɗakuna ya kwaso kaya. Akwai hanya ta biyu da ba ta yiwuwa da tubalin laka amma tana yiwuwa a diski, ita ce a ɗauko gidan dungurungum, da dokin ƙofa, da zaure, da sunayen sassa. Aikin umarnin dd ke nan, da manhajar Clonezilla da aka ƙirƙira a Taiwan. Wannan hanya ta fi tashi lafiya tun karon farko, amma haɗarinta ya fi ɓoyuwa. Yanzu gari yana da gidaje biyu masu suna ɗaya. Idan diskokin biyu suna jone a lokaci guda, aka ce wa yaro je ka sashen wane, duk wanda ya fara cin karo da shi nan zai shiga. Na'ura ta tashi, komai ya yi kyau, mai ita ya yi murna, alhali a tsohon diski take zaune. Ya yi wata guda yana shigar da sakamakon jarrabawa, ranar da ya ga ya natsu ya goge tsohon diski don ya mayar da shi ma'ajiya, aikin watan ya tafi. Gara mini na'urar da ta ƙi tashi sau goma da wannan, don wadda ta ƙi tashi ba ta ɓatar da komai ba. Maganin kuwa ba wuya: a cire tsohon diski kafin kunnawar farko, sannan bayan an tashi a rubuta findmnt / a ga ainihin sashen da ake zaune a kai.

Sai kuma girman fili. Tsohon diski mai gigabayit 500 ba ya shiga SSD mai 256 ta hanyar dd, ko da fayilolin cikinsa ba su kai 50 ba, domin dd ba ya duba inda kaya suke, fili yake aunawa daga farko zuwa ƙarshe. Zai cika sabon diskin ya tsaya a tsakiya, sashen ƙarshe ya guntule. Tsarin GPT, magajin MBR, ma yana ajiye kwafin taswirarsa a ƙarshen diski, shi ma zai ɓace. Sai an fara rage sashen da GParted, bayan an adana muhimman fayiloli a wani wuri, kuma a yi aikin lokacin da batir ya cika ko rana ke kan farantin sola sosai, don yankewar wuta a tsakiyar rage sashe na cikin ƴan abubuwan da ke lalata fayiloli da gaske.

Gyaran kansa ba ya bukatar intanet, kuma wannan babban abu ne ga wanda ke Ajekoriya ko Kornaka ko Ɗan Gulbi. Abin da yake bukata shi ne kile mai ɗauke da Linux da ake iya tayar da na'ura da shi ba tare da girkawa ba. A tayar da shi bisa al'adar da diskin ke bi: idan jakar /sys/firmware/efi tana nan, ta UEFI aka shigo, idan babu, ta BIOS. Daga nan lsblk -f ko blkid zai jero sassa da sunayensu na yanzu. Ina ba da shawara a kwafe su a takarda da biro, a natse, domin harafi ɗaya ya kuskure aikin ya koma baya. Sai a ɗaura sashen manhaja a /mnt, a ɗaura zaure a /mnt/boot/efi idan akwai shi, a jingina /dev da /proc da /sys a ciki da mount --rbind, sannan a rubuta chroot /mnt. Ma'anar wannan ita ce ka shiga gidan ta bayan danga ka zauna a mazaunin maigida, duk umarnin da ka bayar da sunansa ka bayar. A buɗe fstab a maye tsofaffin sunaye da sababbi, a duba fayil ɗin resume. Sai grub-install, wanda ke kafa dokin ƙofa ko ya sabunta kwatancen da ke kan baƙo. A tsarin BIOS diski gaba ɗaya ake ba shi, sda, ba sda1 ba, kuma idan diskin GPT ne sai an tanadar masa ɗan sashe mai megabayit 1 na musamman. Bayan nan update-grub ya sake rubuta takardar yaro, update-initramfs -u -k all ya sake ɗinka jakar makullai. A fita, a cire kile, a kunna.

Wanda ba shi da kile a kusa kuma yana gaban "grub rescue" yana iya raka yaron da hannu sau ɗaya. Umarnin ls zai nuna sassan da yake gani, irin su hd0,gpt2. A leƙa su ɗaya bayan ɗaya har a ga mai jakar /boot/grub, a nuna masa ita da set root da set prefix, sannan insmod normal, sannan normal. Idan ta tashi, nan take a yi grub-install da update-grub, in ba haka ba gobe a koma gidan jiya. Ga wani abu da ke ba ƴan Nijar wahala musamman: da yawa daga na'urorinmu allon rubutunsu na Faransa ne, AZERTY, shi kuwa GRUB a wannan mataki na Amurka ya sani. Ka danna A ya rubuta q, harafin m kuma yana kan maɓallin waƙafi da ke kusa da N. Mutum sai ya ɗauka na'urar ta haukace, alhali wuraren haruffa ne suka saɓa.

Gidan Windows tsarinsa ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Tun zamanin Vista takardar yaron zaure ana kiranta BCD, kuma ita ma tana ɗauke da lambar diski da ta sashe. Idan suka sauya, sai shuɗin allo ya fito da lamba 0xc000000e. Da kilen girka Windows ake gyarawa: a danna Shift da F10 a allon farko, a shiga diskpart a ba zaure harafi, a ce S, sannan a rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI, ko BIOS a madadin UEFI idan tsohuwar al'ada ce, a tsarin BIOS ɗin kuma a tabbata an yi wa sashen alamar active. A lura, a wannan wurin Windows ɗin na iya bayyana a D ko E, a duba kafin a rubuta. Idan kuwa tambarin Windows ya fito sannan ta faɗi da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, maigida ya farka, makulli ne ya ƙi, kuma sau da yawa saitin SATA ne a BIOS ya sauya tsakanin AHCI da IDE ko RAID. Diskin da aka kulle da BitLocker kuwa kada a taɓa shi sai lambar buɗewarsa mai alƙaluma 48 tana hannu.

Saura tsohon diski. Ni dai ina ganin kada a goge shi sai na'urar ta yi cikakken zagayen aikinta a kan sabon, wato an rufe lissafin ƙarshen wata ko an fitar da sakamakon zango, an buɗe kowace manhajar aiki an ga tana tafiya. Kafin nan a rubuta kwanan wata a jikinsa, a nade shi a leda saboda ƙura, a ajiye inda ba zafi. In an tashi mayar da shi ma'ajiya ta waje ta igiyar USB, kuma da dd ko Clonezilla aka yi kwafar, kada a jona shi kafin kunnawa, a bari na'ura ta gama tashi. A Linux a duba shi da e2fsck -f, a sauya masa suna da tune2fs -U random idan sashen ext4 ne, a tuna cewa daga ranar ba zai ƙara tashi da kansa ba sai an gyara nasa fstab da GRUB. Windows kuma idan ta ga diskoki biyu masu lamba ɗaya takan ajiye na biyun a kashe, ta ƙi nuna shi. Kunna shi daga manhajar sarrafa diskoki zai ba shi sabuwar lamba, fayilolinsa su bayyana, amma shi ma daga nan sai an yi masa bcdboot kafin ya sake tayar da na'ura.